Tsarin aikin shekara biyar ga ƙungiyar likitocin iyali ta shiyya: ta ina za a fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗaya ne daga cikin ƙannenku likitocin iyali a nan Zariya, ban daɗe da kammala horon ƙwarewa ba. A taronmu da ya gabata 'yan'uwa na wannan shiyya ta Arewa maso Yamma suka naɗa ni sakataren kwamitin da zai rubuta wa ƙungiyarmu tsarin aiki na shekara biyar, aka ba mu wata shida. Na karanta tsare-tsaren wasu ƙungiyoyi, na ga manyan kalmomi ne masu daɗin ji, amma ban ga abin da mutum zai tashi gobe da safe ya yi ba. Asusunmu babu nauyi, da yawa ba sa biyan kuɗin ƙa'ida, wasu kuma sun tafi Saudiyya da Ingila. Ta ina za mu fara, me za mu sa a gaba, kuma yaya za mu yi kada takardar ta ƙare a cikin durowa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena likita. Allah ya taya ka riƙo, domin aikin da aka ɗora maka ya fi yadda ake ganinsa nauyi. Idan na fahimce ka da kyau, kana son sanin bayanin da ya kamata ku tara kafin ku rubuta komai, da aikin da za ku zaɓa daga cikin ayyuka masu yawa da kowa zai so a yi, da kuma yadda tsarin zai ci gaba da aiki bayan shugabannin da suka rubuta shi sun sauka. Ra'ayina tun daga farko shi ne, tsarin aiki na ƙungiya irin taku wuri ne na yanke shawara a kan abu biyu ko uku waɗanda idan ku ba ku yi su ba babu mai yi, tare da bayyana abubuwan da kuka amince za ku bar wa wasu. Mutumin da ya kamata ya zauna a zuciyar kwamitinku daga farko har ƙarshe kuwa shi ne likitan da yake shi kaɗai a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, domin mu da muke asibitocin koyarwa muna da abokan shawara a kowane lungu na asibitin.

Inda fannin ya fito da inda ya tsaya

Yana da kyau ka san yadda muka zo nan, saboda matsalar da za ku tsara wa magani tarihi ne ya haifar da ita. An kafa Kwalejin Horon Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, kuma a farkon shekarun 1980 aka fara horar da likitoci a wannan fanni, wanda a lokacin ake kira aikin likita na gaba ɗaya kafin a sauya masa suna zuwa likitancin iyali. Asibitocin mishan irin su Evangel da ke Jos da asibitin Baptist na Ogbomoso suna cikin wuraren da aka fara horon, kuma akwai hikima a haka, domin a irin waɗannan asibitoci likita ɗaya ne yake duba yaro mai zazzaɓi da safe, ya yi wa mai naƙuda tiyata da rana, ya zauna da tsoho mai hawan jini da yamma. Irin wannan likitan aka yi niyyar samarwa.

A ɓangare guda kuma, bayan taron Alma-Ata na 1978 da ƙoƙarin marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ƙasar ta gina kiwon lafiya na matakin farko a kan ma'aikatan lafiyar al'umma, aka kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan mataki a 1992. Asibitocin sha-ka-tafi suka zama na ƙananan hukumomi, manyan asibitoci na jihohi, asibitocin koyarwa kuma akasarinsu na tarayya. A wannan tsari ba a keɓe wa likitan iyali gurbi bayyananne ba, sai ya tafi inda ake da matsayin ƙwararre da albashinsa, wato asibitin koyarwa. Shi ya sa yau idan kana neman likitocin iyali a shiyyarmu za ka same su jibge a sashen ganin marasa lafiya na yau da kullum a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitin Malam Aminu Kano, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Barau Dikko a Kaduna, da asibitocin tarayya na Katsina da Gusau da Birnin Kebbi da Birnin Kudu. Aikin likitan iyali na ainihi kuwa, a ƙananan hukumomi irin su Giwa ko Ikara ko Maƙarfi, wani likita ne da bai yi horon ƙwarewa ba yake yinsa, sau da yawa ba tare da wanda zai tambaya ba. Wannan giɓi shi ne dalilin da zai sa ƙungiyar shiyya ta zama mai amfani, kuma duk tsarin da bai kalle shi ba zai zama tsarin kula da jin daɗin mutane kaɗan da suka riga suka samu wuri.

Ku fara da ƙirga kanku

Shawara ta farko da za ku yanke ita ce su wane ne 'yan ƙungiyar. Ina goyon bayan ku buɗe ƙofa ga likitocin manyan asibitocin jiha da masu asibitoci masu zaman kansu, ko da a matsayin mambobi na biyu waɗanda ba sa riƙe wasu muƙamai. Za a samu manya da za su ce hakan zai rage darajar takardar ƙwarewa. Damuwarsu ba ta banza ba ce, domin horon ba ya kasa shekara huɗu kuma an sha wahala a kansa, amma kwalejoji ne suke tsare darajar takarda ta hanyar jarrabawa. Ƙungiya mai mutum kaɗan ba ta da kuɗi, ba ta da murya a gaban kwamishina.

Bayan haka sai ƙidaya. Jihohin nan bakwai suna da ƙananan hukumomi 186: Kano 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23, Sakkwato 23, Kebbi 21, Zamfara 14. Ku raba su tsakanin 'yan kwamiti da likitoci masu neman ƙwarewa, kowa ya ɗauki waya ya gano likita nawa ne a kowane babban asibiti, da tsawon zamansu a wurin, da ko akwai mace a cikinsu. Jerin sunayen ma'aikatar lafiya zai taimaka, amma kada ku tsaya a kansa, saboda yakan ƙunshi wanda ya tafi ƙaro karatu da wanda ya ajiye aiki ba a cire sunansa ba. Takardar tambayoyi da ake turawa ta WhatsApp ma ba ta wadatarwa, domin waɗanda suke cike ta su ne masu lokaci da intanet mai ƙarfi, wato mu na birni.

Idan kun samu mutum a waya, kada ku tambaye shi matsalolinsa a dunƙule, domin zai ce albashi da wuta da tsaro, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba ku da ikon gyara ko ɗaya. Ku tambaye shi wane mara lafiya ya tura gaba a watan jiya wanda yake ganin da ya iya riƙe shi da yana da wani ilimi ko wani ɗan kayan aiki. Ku tambaye shi wa yake kira idan abu ya rikice masa da tsakar dare, da kuma yadda ya tara makin ƙarin ilimi na sabunta lasisinsa na bara. Sannan wasu daga cikinku su tafi da ƙafarsu su kwana a irin waɗannan asibitoci. Na taɓa zama a wani babban asibitin karkara a wannan yanki, aka kawo wata matashiya mai cikin fari tana jijjiga bayan sallar isha. Likitan da yake wurin ya san maganin, ya kuma san adadin da ake bayarwa, ya ba ta. Abin da ya tsaya masa shi ne ko ya shiga da ita tiyata a daren da fitilar waya da janareta mai tsayawa, ko ya sa ta a mota a bi hanyar da direbobi suke tsoron bi da dare. Yana tsaye a baranda yana duba lambobin wayarsa, yana neman wani da ya girme shi a aiki da zai ɗauka. Amsar irin waɗannan tambayoyi da abin da idanunku suka gani su ne za su zama ginshiƙin takardarku.

Abin da ba naku ba, da abin da yake naku

Kafin ku zaɓi aiki, ku cire wanda yake da mai shi. Batun albashi da alawus da yajin aiki yana hannun ƙungiyar likitoci ta ƙasa, NMA, da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa da ta manyan likitoci. Manhaja da jarrabawa na kwalejin ƙasa ne da Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma. Lasisi da ladabtarwa na majalisar kula da aikin likitoci ta ƙasa ne, wato MDCN. Magana da gwamnatin tarayya da hulɗa da ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, WONCA, aikin uwar ƙungiya ce ta ƙasa, SOFPON. Haka nan ina ba ku shawara ku rage zumuɗin duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya. Yana da lada kuma yana kyau a hoto, kuma babu laifi ku yi shi a ranar likitan iyali ta duniya, 19 ga Mayu, amma mai hawan jinin da aka ba maganin mako biyu aka tafi aka bar shi bai samu abin da fanninmu yake alfahari da shi ba, wato likitan da ya san shi kuma yake bibiyarsa.

Aikin da nake ganin ya fi cancanta ya zama na farko shi ne ilimi mai ɗorewa da layin waya na neman shawara ga likitan da yake shi kaɗai. Majalisar MDCN tana buƙatar kowane likita ya tara makin ƙarin ilimi kowace shekara kafin ya sabunta lasisi. Likitan karkara yakan biya kuɗin mota da masauki ya zo birni, ya bar asibitinsa babu likita, ya saurari lacca a kan abin da ba zai taɓa samun kayan yinsa ba. Ku nemi izinin bayar da wannan maki, ku kai masa karatun inda yake. Akwai salo da aka fara a Jami'ar New Mexico ta Amurka a 2003 mai suna ECHO, inda ƙwararru da likitocin karkara suke haɗuwa ta bidiyo lokaci-lokaci, likitan karkara ya kawo mara lafiyar da ya ba shi wahala, a tattauna, a rufe da gajeren darasi. Abin da ya sa wannan salo yake aiki shi ne wanda yake nesa ne yake kawo batun, kuma bayan watanni kaɗan mutane sun san muryoyin juna, kiran tsakar dare ya daina zama abin jin nauyi. Awa ɗaya duk mako biyu ta isa. Ku naɗi sautin a tura wa wanda intanet ta yanke masa, ku cire suna da duk abin da zai sa a gane mara lafiya, domin amana ce kafin ta zama doka, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanku.

Jadawalin darussan ya bi yanayin shekararmu. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ƙarancin jini ga yara su zo kafin damina ta yi nisa, sanƙarau kafin bazara, asma da ciwon sikila kafin hunturu, sannan a watan Sha'aban a zauna a kan yadda mai ciwon sukari zai daidaita maganinsa da azumi, da wanda ya kamata a ba shi shawarar ya ajiye. Jijjiga da zubar jini bayan haihuwa su riƙa dawowa kowace shekara. Ɓarkewar mashaƙo da ta fi tsananta a Kano a 2023 ta nuna mana cewa akwai matasan likitoci da ba su taɓa ganin cutar da idonsu ba, kuma da akwai irin wannan zaure da an isar musu da alamominta cikin mako guda. A haɗa wannan da jadawalin manyan likitoci masu ɗaukar waya, kowa da makonsa, a rubuce, yadda mai kira zai san haƙƙinsa yake karɓa.

Aiki na biyu shi ne zama a teburin da ake yanke yadda za a biya kuɗin kiwon lafiya na matakin farko, kuma a nan ne na ga ƙungiyoyinmu sun fi sakaci. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin asusun kiwon lafiya na tushe. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihohi kuma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, kamar KADCHMA a nan Kaduna. A wannan tsari ana biyan asibitin matakin farko wani ƙayyadajjen kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi duk wata, ya zo ko bai zo ba, daga ciki kuma za a duba shi a ba shi magani. A ƙa'ida wannan tsari ya dace da mu, domin likitan da ya hana ciwo tsananta shi yake cin riba. Amma tun daga 2023, bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, kuma duk lokacin da kuɗin da ake biya ya kasa bin farashi, abin da yake biyo baya sananne ne: a ce wa mara lafiya maganin ya ƙare, ya je kemis ya saya, daga nan ya daina yarda da inshorar. Idan kuka je wurin hukuma da koke kawai za a ba ku shayi a sallame ku. Ku je da lissafi. Ku tara daga asibitocin mambobinku abin da ake kashewa a wata guda a kan mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mace mai zuwa awo, ku sabunta shi duk wata shida, ku miƙa a rubuce. Ƙungiyar da take da irin wannan lissafi ita ake kira idan za a sake duba farashi.

A teburin nan kuma za ku gabatar da batun gurbin likitan iyali a tsarin jiha. Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma manufar jihar ita ce a samu cibiyar lafiya mai aiki a kowace mazaɓa. Babu ranar da za mu samu likitan da za a ajiye a kowace ɗaya nan kusa. Abin da zai yiwu shi ne likitan iyali ɗaya da yake zaune a babban asibitin ƙaramar hukuma ya riƙa zagaya cibiyoyin da ke kewaye da shi, ya ga marasa lafiyar da aka tara masa, ya koyar, ya gyara hanyar turo mara lafiya da mayar da shi. Ku nemi a gwada wannan a ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu kafin ku nemi a mayar da shi doka. Ina kuma roƙonku ku shiga wannan aiki da ladabi ga nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan lafiyar al'umma. Su ne suka riƙe waɗannan cibiyoyi shekara da shekaru, manufar ƙasa ta 2014 ta miƙa musu wasu ayyuka a hukumance, kuma idan suka ji kun zo ƙwace musu wuri ne aikin ya mutu tun kafin a fara. Ku gayyaci shugabanninsu su karanta daftarin tsarinku.

Idan ƙarfinku ya kai ga aiki na uku, to ya zama faɗaɗa wuraren horo: ku taimaka wa manyan asibitocin jiha su cika sharuɗɗan kwalejoji, ku ƙarfafa wa likitocin da ba za su iya barin aiki ba gwiwa su yi difloma a fannin, ku kuma sa zaman karkara ya zama na gaske ga masu neman ƙwarewa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana kai ɗalibai cibiyarsa ta Yakawada, saboda haka al'adar ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Masu tafiya ƙasashen waje

Kada ku rubuta cewa za ku hana likitoci tafiya, domin ba za ku iya ba, kuma gwamnatin tarayya kanta sai a 2024 ta amince da manufa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Tazarar albashi ta fi ƙarfin ƙungiya. Amma a hirarrakina da ƙannenmu da suka bar asibitocin karkara, kuɗi ba shi kaɗai suke ambata ba. Suna ambaton kaɗaici, da tura mutum wuri ba tare da an faɗa masa ranar dawowa ba, da hana shi izinin ƙaro karatu, da rashin wanda zai karɓe shi ya yi hutu. Waɗannan ƙungiya tana iya yin magana a kansu, wasu ma tana iya shirya su da kanta, kamar jadawalin masu karɓar aiki na mako guda. Ku kula da 'yan'uwanmu mata musamman. A garuruwanmu akwai matan da ba za su faɗi abin da yake damunsu ba sai ga likita mace, don haka rasa likita mace ɗaya a ƙaramar hukuma asara ce babba, kuma taron da ake sawa da dare ko a nesa ba tare da tunanin mai goyo ba yana korarsu daga ƙungiya. Waɗanda suka riga suka tafi kuma kada a ɗauke su maciya amana. Ku buɗe musu rukuni, su biya kuɗin ƙa'ida, su ɗauki darasi a zauren bidiyo; da yawansu suna neman hanyar da za su taimaka wa gida.

Kuɗi

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku gina kasafinku a kan adadin waɗanda suka biya kuɗin ƙa'ida a bara, ku bar adadin sunayen da ke rajista. Mutane ba sa biya ne galibi saboda ba su ga abin da suka samu ba, kuma idan kuɗin ƙa'ida ya ƙunshi makin lasisi da layin shawara, za ka ga mai biya ya ƙaru ba tare da an bi shi ba. Ku duba takardun banki na shekarun baya, ina kyautata zaton za ku tarar taron shekara-shekara ne yake cinye mafi yawan kuɗin, a otal da jakunkuna da abinci. Ku sa masa iyaka a rubuce, ku yi shi a ɗakin taron asibiti ko na jami'a.

Kamfanonin magani za su zo da tayin ɗaukar nauyi. Ba na cewa a ƙi su, amma ku rubuta ƙa'ida tun yanzu cewa ba su da hannu a zaɓen darasi ko mai gabatarwa, kuma za a bayyana wa mambobi abin da suka bayar. Tallafin ƙungiyoyin waje kuma a karɓe shi domin aikin da yake da farko da ƙarshe, kamar ƙidaya ko gwajin ƙaramar hukuma ɗaya. Kada albashin ma'aikacinku ko zauren karatunku ya rataya a kansa. Kowa ya ga yadda ayyukan lafiya da dama suka tsaya cak a farkon 2025 lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje. Saboda hauhawar farashi, ku rubuta manufofi na shekara biyar amma kasafin naira na shekara ɗaya kawai, a riƙa sabunta shi. Asusu ya kasance da masu sa hannu fiye da ɗaya, ma'aji ya tura rahoto duk wata uku ko ba a tambaya ba. Idan kuɗi ya samu, abu na farko da za ku saya shi ne lokacin mutum ɗaya mai riƙe rajista da tura saƙonni da bibiyar alkawura, domin likitan da ya ga marasa lafiya tun safe har la'asar ba zai iya wannan da dare ba, komai kyawun niyyarsa.

Yadda takardar za ta tsira daga durowa

Ku taƙaita ta, yadda mutum zai karanta ta a zama ɗaya. A ƙarƙashin kowane aiki a rubuta sunan mutum ɗaya da za a tambaya, da watan da za a gama, da kuɗin da zai ci, da alamar da za a gane an yi. Idan aka rubuta kwamiti a gurbin suna, babu wanda zai ji kunya idan ba a yi ba. Ma'aunanku su zama kaɗan kuma waɗanda suke hannunku: ƙananan hukumomi nawa ne likitansu ya halarci zauren karatu a wata ukun da suka wuce, kira nawa aka amsa, mutum nawa suka biya, sau nawa aka miƙa wa hukumar inshora lissafi. Kada ku yi alkawarin rage mutuwar mata wajen haihuwa da kashi kaza. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma wannan adadi yana da alaƙa da hanya da talauci da jini a ma'ajiya da wasu abubuwa da yawa da ba ku da iko a kansu, ta yadda ko ya sauka ko ya hau ba za ku iya cewa aikinku ne ba.

Babban abin da yake kashe irin wannan tsari shi ne sauyin shugabanci, domin wa'adin shugabanni yakan gaza shekara biyar, kuma sabon shugaba yana son a san shi da nasa aikin. Maganinsa shi ne babban taro ya amince da tsarin da ƙuri'a, a sa a kundin ƙungiya cewa rahotonsa ne batu na farko a kowane zama, mai neman muƙami kuma ya faɗi yadda zai ci gaba da shi. A tsakiyar shekara biyar ɗin a zauna a duba, abin da bai yi aiki ba a cire shi a fili. Ku kuma yi hattara kada ƙungiyar ta zama ta Zariya da Kano kawai, tunda nan ne muka fi yawa. Kowace jiha ta samu wakili a kwamiti, taro ya riƙa zagayawa, kuma a ba wa mutanen Gusau da Birnin Kebbi da Dutse aikin da za su jagoranta.

Wata shidan da aka ba ku sun isa idan kuka ba ƙidaya da ziyara rabinsu, kuka yi zaman zaɓen ayyuka na yini ɗaya ko biyu a wata na huɗu, sauran lokacin kuma daftari ya zagaya hannun mambobi da hukumomin da na ambata kafin babban taro.

Abin da na faɗa maka ya fito ne daga aikin da na yi a wannan ɓangare na Zazzau da kewayenta, kuma yanayin likitan da yake aiki a wuraren da matsalar tsaro ta fi tsanani ya sha bamban da namu, saboda haka maganarsa ta rinjayi tawa a kan abin da ya shafi yankinsa. Batun rajista kuma, wato ko za ku tsaya a matsayin reshen uwar ƙungiya ko za ku yi rajistar amintattu da hukumar rajistar kamfanoni, ku fara karanta kundin uwar ƙungiyar, sannan ku zauna da lauya da akanta kafin ku buɗe sabon asusu ko ku karɓi tallafi. A wannan makon ka nemi ma'aji ya ba ka takardun banki da jerin waɗanda suka biya, ka raba ƙananan hukumomin nan 186 tsakanin 'yan kwamitinka, ka sa ranar da kowa zai dawo da abin da ya samo. Idan daftarin farko ya fito ka kawo mini, in sha Allahu zan karanta shi.